Ranar da Na Ce Gyauro

Ummi da Halifa, wannan babin naku ne. Na san za a ce ni da ko aure ban yi ba, me na gani a duniya da har zan zauna ina rubuta tarihina. To ban ga da yawa ba, amma na ga shekara ɗaya da ta ishe ni, kuma na ji irin abin da ake gaya muku a kanta. Ran nan Halifa ya zo shagona karɓar wayar mamarku da aka kawo caji, ya tsaya yana ta kallona, can ya ce wai Baffa da gaske ne ka taɓa sayar da Abbanmu saboda Turanci? Na yi dariya na ba shi alewa ya tafi, amma wallahi ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, in kun girma ku karanta ku yanke hukunci da kanku.

Kun dai san ni da cutar kalmomi. Makaranta ban yi nisa ba, daga ƙaramar sakandare na dawo gona a Sandamu lokacin da ƙafar Baba, wato kakanku, ta matsa masa. Da ya samu sauƙi sai Yaya Sale, Abbanku, ya ɗauko ni ya kawo ni Daura, ya kafa mini ɗan shagon cajin waya a layin makanikai, kusa da rumfarsa ta gyaran babura. To aikin caji kun san zama ne. Ka jona waya, ka ba mutum lamba, ka zauna. A wannan zaman na kamu. Duk kalmar Turancin da na ji a rediyo ko na gani a jikin kwali sai na bi ta a wayata, kuma ni ma'anar kaɗai ba ta isata, sai na fasa kalmar kamar gyaɗa na ga abin da ke ciki. Ranar da na gano cewa breakfast ɗinsu karya azumi ne, wato su ma karin kumallo suke yi kamar mu, sai da na zagaye layin nan kaf ina gaya wa mutane. Wani ya ce to sai me, wani ya ce in saya masa ƙosai tunda na ƙware a karin kumallo. Daga nan suka sa mini Ƙamus. Abbanku kuwa cewa yake wannan karatun nawa ko fulogi ɗaya ba zai wanke ba, in bar ɓata kati in zo in koyi riƙe sifana.

A gefen rumfar Yaya akwai shagon Oga Cidi, ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Kun san shi, shi ne mai ba ku biskit in kun wuce. Tun kafin in zo Daura suke maƙwabtaka da Yaya. Hausa a bakinsa kamar a Daura aka yanke masa cibiya, har zolayata yake wai Hausata ta ƙauye ce. Ya zo sunan Ummi, Yaya ya je duba matarsa da ta haihu, in Sallah ta zo a kai masa nama, in Kirsimeti ta zo ya aiko da shinkafa ɗanya da kaza mai rai mu yanka da kanmu. Ina gaya muku wannan ne don ku san ba baƙo ba ne aka tashi yi wa abin da aka tashi yi.

A kakar wannan shekarar, ana cikin yankan gero, Habu ɗan Gwaggo Hajara ya kawo babur ɗinsa a canza masa igiyar birki. Yaya ya karɓo sabuwa a shagon Oga Cidi ya ɗaura masa. Ba a yi mako ba, Habu ya ɗauko kaya zai kai Dutsi, wata mota ta sha gabansa, ya damƙe birki igiyar ta tsinke, ya daki kwalbati. Cinya ta karye, aka kwantar da shi a asibiti da ƙafa a rataye. Washegari da safe Gwaggo ta zo rumfar Yaya, ko sallama ba ta yi ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk layin ya ji.

"Sale, da hannunka ka ɗaura masa."

Shi ke nan abin da ta ce, ta juya. Ku ba ku san Abbanku a wancan lokacin ba. Mutum ne da aikinsa shi ne mutuncinsa, in ka ce masa ya yi kuskure a gyara gara ka mare shi. Ya shiga shagon Oga Cidi da guntuwar igiyar a hannu ya ce jabu aka sayar masa. Oga Cidi ya ce daga kwali ɗaya ya sayar wa kowa a layin nan, ba wadda ta tsinke, sai dai in an ɗaure ta ta wuce ƙima. Wannan ya faɗa, wancan ya mayar, har aka fara ambaton iyaye. Kafin hantsi magana ta bar hannun su biyun. Makanikai suka ce an daɗe ana cusa musu jabu, 'yan acaba abokan Habu suka taru, aka tsayar cewa bayan azahar za a fito da kayan shagon nan kan titi, a ware na jabu a ƙone. Haka aka faɗa da baki. Amma kowa a wurin ya san ba mai tsayawa tantance jabu da na gaske in an kunna wuta, kuma fuskokin da suka fara taruwa a bakin layin, rabinsu ko babur ba su da shi. Oga Cidi ya tura matarsa da yara gida, ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo, ya ɓace.

Ana nan sai ga saƙon murya ya shigo wayar Yaya. Ya buɗe a gaban kowa, ya ƙure sauti. Oga Cidi ya fara da Hausa, ya ce shekarun da suka yi tare ba su kai a zauna a yi magana ba? Sai muryarsa ta fara rawa, kuma shi in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take ta bar shi. Ya rufe da Turanci.

"Sale, think of the aftermath."

Aka sake kunnawa. Aka kuma sakewa. Gambo mai faci, wanda tun safe shi ne ke hura abin, ya ce ai wannan ba ya buƙatar malami. Afta dai kowa ya sani, bayan ne. Mas kuwa duk wanda ya taɓa shiga aji ya sha bulala a kansa, lissafi ne. Wato ya ce ka tuna bayan wannan akwai lissafi, da kai zai yi lissafi. Nan take wani ya ce dama ya ga baƙin fuskoki a gidan Oga Cidi, wani ya ce ai duk suna da bindiga a ƙarƙashin gado. Ina zaune a shagona ina jin komai, kuma na san kalmar nan. Ta taɓa kayar da ni daidai inda ta kayar da Gambo. Na fara ganinta ne a labarin wata ambaliya, na ce me ya haɗa ruwa da lissafi, na bi ta, abin da na tarar ya sa na kasa zama. Sai dai wannan karon ban zagaya layi da ita ba, don an riga an gaji da ni.

Sai na ji muryar Yaya.

"Ƙamus, zo nan."

Ku gane wani abu. Tunda nake, Abbanku bai taɓa kirana da sunan nan ba sai da izgili. Ranar ba izgili. Ya buɗa mini hanya cikin mutane, ya dafa kafaɗata, ya sa mini wayarsa a hannu, ya ce wa jama'a ga ƙanensa nan, duk layin nan ba wanda ya kai shi jin Turanci, ya faɗa musu da bakinsa abin da mutumin nan ya ce. Wallahi shekaru nake jiran ranar da zai faɗi haka a kaina. Hannunsa na kan kafaɗata, da nauyi, da warin baƙin mai. Abin da ake so in ce kalma ɗaya ce, in ce haka ne. Da na faɗa, da na zama ƙanen Sale na gaske a idon kowa. Na kalli ƙofar shagon Oga Cidi, na ga takalmin ƙaramar 'yarsa ƙafa ɗaya da aka manta a bakin dakali wajen sauri.

Na ce, "Yaya, ba lissafi a ciki."

Hannun ya sauka daga kafaɗata. Gambo ya ce to mene ne a ciki, tuwo? Na ce ma'anarta abin da ke biyo bayan wani mugun abu, kamar halin da gari ke shiga bayan gobara ko ambaliya ko faɗa. Ina rufe baki na gane na ƙara ɓata lamarin. Gambo ya juya ya ce kun ji ko, ashe ma ya fi lissafi, gobara yake yi mana alkawari. Aka ɗau hayaniya, wasu har sun fara matsawa wajen shagon. Ban san lokacin da na hau kan bencin Yaya ba. Kuma ga abin kunya, ko a wannan halin, wani ɓangare na zuciyata murna yake, wai yau dai dole a saurari bayanina har ƙarshe.

Na ce su tsaya su ji, mas ɗin nan ba na makaranta ba ne, kama ce kawai ta baki. Na makaranta guntun wata doguwar kalma ce da Turawa suka aro daga Girkawa. Wannan kuwa tsohuwar kalmarsu ce ta gona, tun zamanin kakannin kakanninsu, har su kansu sun daina amfani da ita ita kaɗai, ma'anarta yanka, yankan ciyawa. Na ce a ƙasarsu manomi yakan bar fili ciyawa ta yi tsawo, ya zo da wani dogon lauje ya yanke ta, ya busar ya ajiye wa dabbobi saboda lokacin sanyi, kamar yadda muke ɗaure harawa mu ɗora a kan rumfa. To bayan ya yanke ya tafi, saiwar tana nan a ƙasa, sai wata sabuwa ta sake tsirowa ba wanda ya shuka ta. Wannan ta biyun ita suka sa wa suna aftermath, bayan yanka. Daga baya ne suka ɗauki sunan suka ɗora wa duk abin da ke tsirowa bayan mutum ya aikata abu ya ɗauka ya gama. Ina cikin magana ina neman yadda zan dunƙule musu ita, sai kalmar ta faɗo mini a baki da kanta.

"Gyauro. Wallahi gyauro ne. Cewa ya yi ka tuna da gyauro."

Sai wani dattijon ɗan acaba ya fashe da dariya, ya ce wato duk wannan taron, Ibo ne ya aiko a gaya wa Sale ya kula da gyauro? Wani ya ce a tambaye shi na dawa ko na gero. Dariya ta kama gefe guda, har da masu riƙe ciki. Ɗaya gefen kuwa ba su yi dariya ba, Gambo yana cewa an saye yaron nan, dama kullum yana shagon yana gwada Turanci. Ni duk ba su nake kallo ba, Yaya nake kallo. Dariyar nan a kansa take sauka, shi da ya kira ni da bakinsa ya yabe ni a gaban mutane. Ya karɓi wayarsa a hankali, ya yi magana yadda ni kaɗai da na kusa za mu ji.

"Ɗan'uwanka na kwance da ƙafa a rataye, kai kana kan bencina kana yi wa mutumin lauya. Sauka."

Na sauka. A daidai nan Baba ya iso. Ya shigo motar safe daga Sandamu don duba Habu, daga asibiti ya biyo ta layin yana dogara sandarsa. Bai san komai ba, shi dai ya ji ana ta jefa kalmar gyauro daga baki zuwa baki, sai ya tsaya cak, ya ce dabbar wa ta ci, an yanka ko ta riga ta mutu? Aka sake kwashewa da dariya, amma da aka ga fuskarsa sai aka yi shiru. Dattijon nan ɗan acaba ya ba shi wuri ya zauna, ya warware masa komai tun daga igiyar birki. Baba ya saurara, bai kalli Yaya ba, ni ya kalla. Ya ce Nura, wato Turawa ma suna da shi? Na ce suna da shi Baba. Ya ce nasu yana kisa? Na ce a yadda na karanta, nasu kiwo ne, dabbobi ake sakawa su ci, amma kalmar yanzu kusan kullum a kan mugun abu suke faɗinta. Ya jinjina kai ya ce to ko ba su faɗa ba, wani a cikinsu ya taɓa ganin irin namu.

Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku sani ba. Dawa in an yanke ta, aka samu ɗan ruwa ya sauka a kan kututturen, takan sake fitar da sabon ganye, kore shar, mai kyan gani. Wannan ɗanyen gyauron dafi ne. Akuya ko tunkiya ta ci shi da yunwa, kafin ka ankara ta fara haki, ta faɗi tana shure-shure. Ni a lokacin ji kawai nake, ban taɓa gani ba. Ashe Yaya ya gani.

Sai a sannan Baba ya juya wajensa. Ya ce Sale ka tuna shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na bunƙasa? Baba ya ce shi da hannunsa ya shiga gonar bayan gida ya sare dawar nan saboda haushi, ya ga ba za ta yi ido ba, ya ce gara dabbobi su ci karan. Ya ɗauka ya gama da ita. Sai ruwa ya dawo. Ya ce bai shuka komai ba, bai ma koma gonar ba, amma abin ya fito, kuma awakin Inna, kakarku, na gadonta, su suka tsinke suka shiga. Ya ce kai ka riƙe mini ƙafafunsu ina bin su da wuƙa don kada su tafi mushe, kana kuka, uwarka na tsaye tana kallo. Sannan ya nuna shagon da sandarsa.

"In yankan za ka yi, ga shi nan, ba zan iya riƙe ka ba. Amma ni na san inda zai tsiro. A ƙofar gidanka zai tsiro, kuma Ummi da Halifa ne ke wasa a wurin."

Aka kira azahar. Ban taɓa jin kiran salla ya zo mini da tsoro ba sai ranar, don shi ne lokacin da aka sa. Muka yi salla a masallacin layi, Yaya a sahun gaba, ana sallamewa ya fice bai kalli kowa ba, ba wanda ya san inda ya nufa. Baba kuwa ya ja ƙafarsa ya je ya zauna a dakalin shagon Oga Cidi, ya jingina da ƙofar ƙarfen, ya ɗauki takalmin yarinyar nan ya ajiye a gefensa, ya fito da carbi. Bai ce in zo ba. Na je na zauna kusa da shi don ban san inda zan sa kaina ba, shagona ma tsoron komawa nake.

Mutane suka dawo, ba su kai na safe ba, amma waɗanda suka dawo ɗin su ne marasa dariya. Gambo na gaba da jarkar fetur. Suka tsaya a tsakiyar titi, mu muna zaune, rana na dukan kowa. Baba ya ce Gambo yaya jikin mahaifinka, har yanzu yana fama da idon? Gambo ya ce da sauƙi Baba, a taimaka a tashi daga nan. Baba ya ce ƙafarsa ke ciwo, sai ya huta. Wani daga baya ya yi jifa, dutsen ya daki ƙofar a saman kanmu, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Baba bai ko ɗaga kai ba, amma na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Ana ta cewa ina Sale, a kira Sale, don maganar tasa ce, in ya ce a ɗauke tsohon nan a gefe ɗauke shi za a yi. Ni kuma ina ta addu'a kada ya zo, don ban san da wace fuskar zai zo ba.

Sai ga shi ya ɓullo ta bayan rumfarsa. Daga baya na ji ashe asibiti ya je ya tsaya a kan Habu. Ya ratsa mutane, bai kalli Baba ba, bai kalle ni ba, ya miƙa hannu Gambo ya ba shi jarkar. Wallahi na rufe ido. Da na buɗe sai na ga ya juya ya nufi rumfarsa, ya buɗe tankin wani babur da aka kawo gyara, ya kafa mazurari, ya juye fetur ɗin tas. Ya miƙa wa Gambo jarkarsa ba komai, ya ce ya zo anjima ya karɓi kuɗin mansa. Sannan ya ce wanda ya karye ɗan'uwansa ne, wanda ya ɗaura igiyar shi ne, maganar tasa ce kuma ya kai ta wurin mai unguwa, duk wanda ya taɓa ƙofar nan ba da sunan Sale ya taɓa ba. Ya ɗauki sifana ya tsuguna a gaban babur ɗin kamar ba abin da ya faru. Aka yi ta gunaguni, aka zage shi, wani ya ce matsoraci. Kafin la'asar titin ya koma titi.

To kun ji. In wani ya ce muku Baffanku ne ya hana a ƙona shagon nan, ƙarya ne, ni surutu kawai na yi a kan benci. Abbanku ne ya hana, kuma shi ya biya. Wurin mai unguwa ba a taɓa gano ko igiyar ce jabu ko ɗaurin ne ya yi yawa ba, har yau ba wanda ya sani. Abbanku da Oga Cidi suka ɗauki jinyar Habu, ya warke, ga shi nan yana ɗan ɗingishi. Amma layin makanikai ba su bar Yaya ba. Suka laƙa masa Sale Gyauro. Yaro ƙarami zai wuce ya faɗa ya ruga. Wasu 'yan acaba suka daina kawo masa gyara wai ya watsa musu ƙasa a ido. Kafin damina ta zagayo ya kwashe kayansa ya koma can hanyar Kongolam ya kafa sabuwar rumfa, ya fara neman masu gyara daga farko. Ni kuma ya daina yi mini magana. Ba zagi, ba duka. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. In akwai saƙo ya ba mamarku ta gaya mini. A da kwano ɗaya muke ci, sai aka fara zuba mini nawa daban. Inna ta yi faɗa, Baba ya ce a bar shi, kunyar da ya sha a gaban mutane ba ƙarama ba ce, kuma da bakin ƙanensa ya sha ta.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a gidan. Da ƙura ta lafa, na je wurin Oga Cidi da ɗokina, na ce ashe ya san asalin kalmar nan shi ya sa ya zaɓe ta. Ya ce wane asali? Na zayyana masa ciyawa da lauje da komai. Ya riƙe baki, ya ce shi tunda yake bai taɓa ji ba, shi dai a labarai yake jin ta. Na ce to me kake nufi da ka faɗa? Ya ce yana nufin 'ya'yansa, yana nufin irin abin da ya ji ya faru a wasu garuruwa daga ƙaramar magana. Kuma, ya ce, ba zai yi mini ƙarya ba, yana nufin 'yan sanda ma, don da an taɓa shagon da sai ya ga Sale a ɗaure. Na yi masa sallama na fito. Wato Gambo bai yi kuskure gaba ɗaya ba, akwai ɗan lissafi a zuciyar mutumin ko da babu a cikin kalmar. Na daɗe ina juya wannan. Abin da na tsaya a kai shi ne, an tambaye ni kalma, na faɗi gaskiyar kalma, kuma da za a sake ɗora ni a bencin nan abin da zan faɗa ke nan. Sai dai yanzu na san sanin asalin kalma daban, sanin cikin mai faɗinta daban.

Da kaka ta sake zagayowa muka je Sandamu gaba ɗaya taya Baba ɗaukar amfani. An yanke dawa, sai aka yi wani ruwa na ƙarshe da ba a zata ba, gonar bayan gida ta yi kore. Muna ɗaure dammuna, ni a wannan gefe, Yaya a wancan, ba mai ce wa wani komai. Ke Ummi, ba za ki tuna ba, ke kika kwance 'yar akuyar Inna wai kina tausayinta ta ga ganye. Halifa na biye da ke yana tafi. Akuyar ta nufi gonar a guje, ni na fi kusa amma na ba ta baya, ban gani ba. Sai na ji an kwaɗa mini kira da wata murya da na yi shekara ban ji ta a kaina ba.

"Ƙamus! Tare ta, za ta shiga aftamas ɗin nan naka!"

Na yar da igiya na ruga, na faɗi, na tashi, na cafko ta da ƙafar baya tana gab da kai baki. Na dawo da ita a kafaɗa ina haki, gwiwata na jini. Yaya ya karɓe ta ya buɗe bakinta ya duba, ya ɗaure ta da kansa a turke, ya ja igiyar ya gwada, ya sake gwadawa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, wai yaya ma ake faɗinta daidai, da harafin sa ne a ƙarshe ko da harafin ta? Na ce ba ko ɗaya, harshe ake sawa tsakanin haƙora. Ya gwada, yawu ya fantsamo mini a fuska, Baba na daga gindin bishiya yana dariya har da tari. Da aka kawo fura, kwarya ɗaya aka ajiye mana, Abbanku ya sha ya turo mini ludayin.